Daga Yakasai Zuwa Manchester Da Dallas: Abin Da Na Gani Game Da Shanya

Ƙarshen hunturu na bar Kano, lokacin da sanyi ya fara sauƙi amma ƙura ba ta gama kwanciya ba. 'Yata da ke aure a Manchester ta kusa sauka, haihuwar fari, kuma tunda babu halin ta zo gida wanka kamar yadda aka saba, ni aka ce in je. Maganar biza ba zan ja ta ba: Abuja na je aka ɗauki hoton yatsu, na dawo na zauna jira har ta fito. Aikin yana wajen haɗa kaya. Kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yajin jego, garin kunu, atamfofi da lesin fitar suna, sai shaddodin da aka ɗinka wa mijinta. Kilishi da man shanu kuwa ta ce kada in kuskura, dokar Ingila ta hana matafiyi shiga da nama da kayan madara daga ƙasashe irin namu, karɓewa za a yi a zubar.

Daga Yakasai muka bi ta Fagge da Sabon Gari zuwa filin jirgin sama na Malam Aminu Kano. An auna kaya, na biya kuɗin abin da ya hau, aka kwance kusan kowane ƙulli aka shinshina, aka tambaye ni daddawa ta sayarwa ce ko ta miya. Daga nan muka tashi.

A jirgi na zauna kusa da wata baiwar Allah 'yar Gwammaja da ke kai mahaifinta asibiti a Masar, ta san garin sosai, muka sha hira har muka sauka. Jiran jirgin Landan ya yi tsawo, sai aka kwashe mu a bas zuwa wani otal kusa da filin jirgin Alƙahira muka kwana. Da safe aka ba mu wake da ya dahu luguf da mai da lemon tsami, da gurasarsu mai faɗi. Da na ɗaga labule, abin da na fara gani shanya ce. Benaye dogaye masu kalar ƙasa, kowace baranda an kafa mata ƙarafa biyu sun miƙo waje, an ja igiyoyi uku ko huɗu a tsakani, zannuwan gado da jallabiyoyi da kayan yara suna reto a sama da titi. Wasu sun yafa leda a kan kayansu saboda ƙura da ruwan da ke ɗigowa daga shanyar maƙwabtan sama. Garin da ruwan sama bai dame shi ba, rana ga ta nan, babu mai jin kunyar shanyarsa. Sai na tuna Makka lokacin aikin hajji, yadda muke hawa saman masauki mu shanya hijabi bayan azahar, kafin la'asar ya bushe ƙarau. A zuciyata na ɗauka ko'ina a duniya haka abin yake, bambancin kawai wani a ƙasa yake shanya, wani a sama.

A Heathrow layin ya yi tsawo. Jami'in ya tambaye ni wurin wa na zo da yaushe zan koma, na miƙa masa wasiƙar gayyata da tikitin dawowa, ya buga ya ba ni. Surukina yana bakin ƙofa riƙe da wata ƙatuwar rigar sanyi, ya rusuna ya ce, "Umma, sannu da hanya, ki sa wannan kafin mu fita." Bai yi ƙarya ba. Muka kama hanyar arewa a mota, tafiyar wajen awa huɗu, ta M40 zuwa M6, yayyafi bai ɗauke ba ko sau ɗaya. Mun tsaya a wani wurin hutawa na gefen titi muka yi sallah, kofin shayi ɗaya ya ci fam uku da wani abu.

Gidansu a hawa na biyu yake, ɗaki biyu da falo. Injin wanki a kicin na same shi, a ƙarƙashin kanta kusa da wurin wanke-wanke, kuma na ga haka yake a yawancin gidajen da na shiga a can. Tsakar gida babu. Akwai 'yar baranda, amma takardar haya ta hana a rataya komai a jikinta. Ban ɗauki wannan da muhimmanci ba sai da Allah ya sauke ta lafiya, aka samu ɗa namiji.

Duk wadda ta taɓa zaman jego ta san wankin jariri ba ya ƙarewa. Tumbuɗi, zannuwan goyo, tawul, 'yan riguna, ga kayan mai jego. A gida wannan ba abin magana ba ne, kafin rana ta take an wanke an zuba a igiya, kafin a sauke abincin rana an kwashe an ninke. A Manchester kuwa injin zai wanke ya matse tsaf, daga nan wahala ta fara. Akwai wani ƙarfen shanya mai naɗewa da ake buɗewa a tsakiyar falo, a jera kayan ɗaya bayan ɗaya. Sauran a ɗora a kan hitar da ke jikin bango, wasu a saman ƙofa, wasu a bayan kujera. Tawul sai ya kwana biyu yana nan da sanyinsa. Idan ya daɗe haka sai ya ɗauki wani irin bashi, ba na datti ba, na kayan da suka ƙi bushewa, kuma turaren wuta ba ya kore shi, sai an sake wanki. Rana ba ta fitowa sai jefi-jefi, kuma wajen ƙarfe biyar na yamma duhu ya fara.

Abin da ya fi tayar mini da hankali tagogi ne. Kullum da asuba sai in ga gilashin yana gumi, ruwa na gangarowa har ya taru a ƙasa. Ruwan kayan nan ne. Wanki ɗaya yakan saki kusan lita biyu na ruwa a cikin ɗaki, kuma gidan a rufe yake ruf saboda sanyi, ruwan ba shi da hanyar fita. Da na ja wadrob don in share bayanta, sai ga baƙin funfuna ya yi ɗigo-ɗigo a kusurwar bango. A ranar surukina ya ba ni labarin wani yaro, Awaab Ishak, ɗan shekara 2, iyayensa 'yan asalin Sudan, wanda ya rasu a watan Disamba na 2020 a Rochdale, nan kusa da Manchester. Binciken da aka kammala a 2022 ya tabbatar cewa funfunar gidan hayar da suke ciki ce ta lalata masa numfashi, gidan ba shi da isasshiyar hanyar fitar danshi. Har doka aka yi da sunansa don a tilasta gyara irin waɗannan gidaje cikin lokaci. Na dubi jikana yana barci a ɗakin da muka cika da jiƙaƙƙun kaya, daren nan ban runtsa sosai ba.

Washegari na ce masa, "Ɗana, ko dai a sayi injin busar da kayan nan?" Sai ya nuna mini wani ɗan ƙaramin allo a kicin mai nuna kuɗin wutar da ake sha a daidai lokacin. Ka kunna butar shayi ka ga lamba ta haura a gabanka. Ya ce tun da kuɗin wuta da gas suka yi tashin gwauron zabo a 2022, har masu injin ma da yawa sun rage kunna shi, don yunit ɗaya ya kai kusan kwatan fam, kuma injin irin na da yakan sha yunit huɗu ko biyar a cika ɗaya. Ga shi babu ma inda za a ajiye shi. Abin da ya yi, ya sayo injin zuƙe danshi, ɗan madaidaici mai tayoyi. A rufe ƙofar ƙaramin ɗaki, a kunna shi kusa da shanya, da safe a zaro 'yar tankinsa a ga ruwa fal a zubar. Kayan suka koma bushewa a dare ɗaya, tagogi suka daina gumi. Barguna da zannuwan gado kuma duk ƙarshen mako yakan kai su shagon wanki na unguwa, inda manyan injina suke jere, ka zuba tsabar fam su ba ka 'yan mintuna. Na bi shi sau ɗaya. Ɗumin bargon da ya fito daga injin nan a ranar da ake tsula ruwa, wallahi ni'ima ce, kuma tun daga ranar ban ƙara cewa injin busarwa kayan ragwaye ba ne. Sama da rabin gidajen Birtaniya suna da shi, kuma na ga dalili da idona.

Wani abu da ya tsaya mini a rai: danshin nan da ya hana mu sakat shi ne ya taimaki garin a zamanin da. Zaren auduga ba ya yawan tsinkewa a iska mai laima, yana daga cikin abin da ya sa masaƙu suka bunƙasa a yankin har Manchester ta zama cibiyar auduga ta duniya. Atamfar ABC da iyayenmu suke ji da ita, a Hyde ake buga ta, gari ne a gefen Manchester, kafin a mayar da aikin Gana. Ke nan atamfar da muka tashi muna shanyawa a tsakar gidajen Kano, an haife ta a garin da ita kanta ba za ta bushe a waje ba rabin shekara.

Azumi ya same ni a can. Ranar sallah surukina ya sa shaddar da na kawo masa, tana ta ɗaukar ido a filin idi, don bugun Kano ne a jikinta. Bayan sallah yanayi ya fara sakin fuska, sai na ga ashe su ma Turawan suna son igiya. Daga tagar bayanmu ana hango jerin gidajen jan bulo, kowanne da ɗan fili a baya. Ranar da aka wayi gari babu hadari, kafin ƙarfe tara duk filayen sun cika da shanya, wasu a doguwar igiya da aka tokare da sanda, wasu a wani ƙarfe mai kama da lema da ke juyawa da iska. Akwai wata tsohuwa da muke gaisawa idan na fito da yaro shan iska. 'Yata ce take fassara mana. Ta ce tana da injin, amma ba ta kunna shi sai dole, kullum sai ta duba hasashen yanayi kafin ta zuba wanki, kuma babu turaren da ya kai ƙanshin zanin gadon da iska ta busar. Da aka gaya mata a garinmu wata bakwai ko takwas ana yi ba a ga ɗigon ruwa ba, sai ta dafa ƙirji.

Da aka yi arba'in mai jego ta miƙe, sai na wuce Amurka wurin ƙanena da ya daɗe yana roƙon in zo. Na koma Landan na hau jirgin Dallas, kusan awa goma a sama. A can ma an tambaye ni ko ina ɗauke da nama ko 'ya'yan itace, kare ya shinshina jakunkuna, aka buɗe ɗaya aka duba kuka da yaji aka mayar mini. Ina fita zafi ya dake ni, na ce Alhamdulillahi, na dawo inda rana take.

Gidansa yana wata unguwa a arewacin Dallas, ana bin manyan tituna masu layi biyar-biyar kafin a kai. Gida ne guda da filinsa a baya, an zagaye shi da katangar katako, ciyawa kore shar, rana tana dukansa tun safe har yamma. Filin ya fi tsakar gidanmu na Yakasai girma. Kwana na farko da na wanke atamfofina da hannu, na ɗauko baho na nufi ƙofar baya ina neman igiya. Matar ƙanena ta biyo ni da sauri ta ce, "Yaya, don Allah ki kawo, ba a shanya a waje a unguwar nan."

Na ɗauka wasa take. Da ƙanena ya dawo aiki ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Unguwar tana da ƙungiyar masu gidaje, duk wanda ya sayi gida sai ya sa hannu a kan dokokinta: tsawon ciyawa, kalar fenti, inda za a ajiye kwandon shara, har da hana igiyar shanya. Idan maƙwabci ya hango ya kai ƙara, wasiƙa za ta zo, in ba a cire ba tara ta biyo. Dalilinsu wai shanya tana ɓata kyan unguwa, tana nuna talauci, tana karya darajar gidaje. Ya ce rigimar ta kai har majalisun jihohi, wasu kamar Florida da Colorado da Maine da Vermont da Hawaii suka yi dokar da ta hana a hana mutum shanya, California ma ta bi sahu a 2015. Na yi shiru ina jinjina abin. A ce sai majalisa ta zauna kafin mutum ya shanya rigarsa a ranar Allah, a bayan gidan da ya saya da guminsa. A Manchester na ga mutane suna neman rana ido rufe ba su samu ba. A nan ga ta har ta yi yawa, an rufe mata ƙofa. Wannan bai kwanta mini ba, har yau kuma bai kwanta ba.

Injin nasu yana da ɗakinsa na musamman, shi da na wanki gefe da gefe, manya-manya. Soket ɗinsa ma daban ne, mai ƙarfin volt 240, alhali sauran gidan 120 ne. Wani bututu ya ratsa bango yana fitar da tururi waje, shi ya sa da yamma idan muka fita zagaye sai ka ji unguwa tana ƙanshin 'yar takardar turaren da suke jefawa a ciki. Kusan gida takwas cikin goma a Amurka suna da shi, kuma tun 1938 aka fara sayar da irinsa a ƙasar, don haka akwai waɗanda tun kakanninsu ba su taɓa riƙe igiyar shanya ba. Matar ƙanena ta nuna mini wata raga da ake zarowa bayan kowace busarwa, a kankare wani abu mai laushi kamar auduga mai toka-toka. Na murza shi a hannu na ce mata wannan ai jikin kayanku ne yake ƙarewa a hankali. Ta ce haka ne, kuma in aka bar shi ya taru gobara yake jawowa. Hukumar kashe gobara ta ƙasar ta ƙiyasta gobarar irin wannan inji a gidaje kusan 2,900 a shekara, mafi yawan sanadin rashin sharewa ne.

Ba zan zalunce su ba. Ita ma'aikaciyar jinya ce, wani lokaci da dare take fita ta dawo da safe, shi ma tun asuba ya tafi. Babu mai wanki da guga da zai zo ƙofar gida ya karɓa, babu yaran gida da za a ce su kwashe in hadari ya taso. Ƙaramin ɗansu kuma ƙurar furanni tana tayar masa da atishawa da ƙaiƙayin ido, kayan da aka shanya a waje suna kwaso ta. Cikin awa ɗaya ta gama abin da zai ci mata wuni. Wutarsu ba ta cika ɗaukewa ba, kuma ta fi ta Ingila araha. Mace irin wannan injin taimako ne gare ta. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a mayar da shi dole, har a ɗora wa igiya tambarin talauci.

Atamfofina dai a bayi na shanya su, a kan sandar labulen wanka. Kayanmu ba sa shiri da zafin injin nan. Ƙanena ya buɗe mini wadrob ya nuna mini shaddodinsa: wadda ta shiga inji ta dusashe, ƙyallin ya mutu, aikin wuyan ya tattare, hannun ya ɗage. Sauran ya daina wanke su gaba ɗaya, in ya sa sau ɗaya sai ya rataye. Ya ce, "Yaya, ki taimaka ki tafi da su gida a yi musu wanki da bugu, in an samu mai zuwa a aiko mini." Jaka guda na cika da su.

Dawowa ba wani labari, ta Landan da Alƙahira na sake biyowa. Na sauka Kano damina ta fara kankama, gari ya yi kore, kwatoci sun cika. Kwana biyu da dawowata ina zaune da yamma iska ta kaɗa, gabas ta yi baƙi, na ji maƙwabciyata tana ƙwala wa yara kira su kwashe shanya. Mu ma muna da namu. A watan Agusta in marka ta sauka kaya sukan kwana ba su bushe ba. Da hunturu farin kaya yana kan igiya zai koma ja saboda ƙura. Rana tana cin kala, shi ya sa muke juya atamfa ciki-waje mu nema mata inuwa. Masu shimfiɗa kaya a ƙasa ko a kan katanga suna jawo wa kansu ƙudan nan da ke yin ƙwai a jiƙaƙƙen tufafi, tsutsarsa ta shiga fatar yaro, maganinsa igiya da guga mai zafi. Amma duk wannan ba ya cin ko sisi, kuma ranar nan ita ce take cinye tabon kayan jarirai ba tare da an zuba komai ba.

Sai yanzu na lura da hikimar ginin gidajenmu na cikin gari. Shanyarmu a tsakar gida take, bayan zaure da soro, mai wucewa a lungu ba ya ganin zanin matar gida balle ya ce an ɓata masa unguwa. Rigimar da Amurkawa suke kai wa majalisa, magina sun raba ta tun kafin ta taso. Shi ya sa hankalina bai kwanta ba da na je ganin gidan da ɗan yayana yake ginawa a sabuwar unguwa: gini ya cinye filin kaf, ɗan abin da ya rage na ajiye mota ne, kuma har ya ware wani lungu wai na injin busarwa, don ya gani a waya. Na ce ya yi lissafi. A farashin watan Afrilu na 2024, lokacin da aka kai yunit ɗin wutar 'yan rukunin A, masu samun wuta mafi yawa, naira 225, cika ɗaya zai doshi naira dubu, in ma akwai wutar. Ƙaramin janareta ba zai ɗauke shi ba, solar gida ma sai mai ƙarfi sosai. Na roƙe shi ya bar ko taku goma a bayan kicin, inda rana take faɗawa, a kira mai walda ya kafa ƙarfe biyu. Ya ce, "Gwaggo, zan yi magana da injiniya." Na ce zan dawo in duba kafin a zuba kankare.

Shaddodin ƙanena kuwa na ba mai wankinmu ya wanke ya sa sitaci, suka sha rana, sannan na kai su wurin masu bugu a Ƙofar Mata, gefen karofin nan da ake cewa tun 1498 ake rini a cikinsa. Dattijon da ya karɓa ya ɗaga wadda ta shiga inji, ya duba ta a haske, ya murza bakin hannun ya ce, "Hajiya, wannan wuta ta taɓa ta, za mu yi iya yinmu amma ba za ta dawo kamar da ba." Sauran ya ce in aiko ranar Alhamis. Yanzu suna ninke a leda a ɗakina, ina cigiyar mai tafiya Dallas da ke da sauran kilo a jakarsa.